Muhammadu Al-Katsinawi, Malamin Hisabi Da Taurari Da Ya Kwanta Dama A Alƙahira

A yammacin 29 ga watan Sha'aban da ya gabata mun tsaya tare da wasu 'yan kasuwa a wani fili da ke bayan gari a Dapaong ana duban wata, sai ga wani saurayi ya iso da madubin hangen nesa sabo fil, wanda ya ce a cikin kayan da ya sauke daga Lome ya zo da shi. Ya kafa shi bisa ƙafafunsa uku, jama'a suka yi masa caa, ya yi ta juya bututun dama da hagu har duhu ya rufa bai kama ko tauraro ɗaya ba, balle jinjirin wata. Da muka leƙa kwalin sai muka tarar da ɗan ƙaramin bututun da ake ɗaurawa a doron babban yana nan kwance cikin ledarsa, ashe ya ɗauka kwalliya ce kawai. Wannan ne ya tuna mana da wani malami ɗan ƙasar Hausa wanda ya koyi yadda ake saita ido a kan tauraro tun yana ɗalibi, ya kai iliminsa har Makka da Masar, kusan shekara 300 ke nan. Shi za mu waiwaya a filinmu na yau.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace ne, mabiyin mazhabar Malikiyya. A littattafan Larabawa ana rubuta shi da Al-Fulani Al-Kashnawi As-Sudani, wato Bafillacen Katsina daga ƙasar baƙar fata. Mafi yawan labarin rayuwarsa ya zo mana ne daga alƙalamin shahararren marubucin tarihin nan na Masar, Abdurrahman Al-Jabarti, a littafinsa Aja'ibul Asar, kuma akwai dalilin da ya sa ya san shi haka, za mu zo kansa a gaba. Al-Jabarti ya ƙara masa wata nasaba, ya kira shi Ad-Danrankawi, wato mutumin Ɗan Ranko, wani tsohon gari na malamai a kudancin ƙasar Katsina wanda masana tarihi ke ambato cikin garuruwan fataken goro masu zuwa Gwanja.

A nan ne labarin ya shafe mu kai tsaye. Ayarin da ya tashi daga Kano ko Katsina ya nufi Salaga, ta ƙasar nan tamu yake ratsawa. Wata hanya ta biyo ta Bargu da Nikki da Jugu ta faɗo ƙasar Kotokoli, inda unguwar Didawure ta Sokode ta kafu a matsayin masaukin fatake Musulmi. Wata kuma ta biyo ta ƙasar Gurma ta sauka Sansanne Mango ta wuce Yandi. Kowane ayari yana da madugu, yana da jagaba mai shiga gaba don gano hanya da zango, yana da uban dawaki, kuma da wuya a rasa malami a ciki, mai rubutu da lissafi da faɗin lokacin salla. Ashe ke nan garin da ya fitar da wannan bawan Allah yana kan igiya ɗaya da zangunan da kakanninmu suka yada.

Katsinar da ya tashi a cikinta tana cikin ganiyarta ta kasuwanci da karatu. Garin Hasumiyar Gobarau ne, garin Waliyyi Ɗan Marina da Waliyyi Ɗan Masani waɗanda suka rayu a ƙarni na 17, kafin zamaninsa da kaɗan. Malamansa da aka ambata su ne Shehu Muhammadu Al-Wali ɗan Sulaimanu na ƙasar Bagarmi, da Shehu Muhammadu Bindu, da Shehu Hashimu, da Shehu Muhammadu Fodu. Shi wannan na ƙarshen ya lazimce shi kimanin shekara huɗu, a gida da kuma a kan tafiya, ya karanci nahawu da sarfu da littattafan adabi a wurinsa. Da farko malamin kan kira shi da mai Maƙamatu, saboda yadda ya haddace su, daga baya da ya ga yadda ya ƙware a nahawu sai ya koma kiransa Sibawaihi, sunan babban limamin wannan fanni. Duk wanda ya zauna a zaure ya san malaman da ba su cika yabon ɗalibi a gaban idonsa ba, don haka wannan laƙabi ba ƙaramar shaida ba ce.

A wurin Shehu Muhammadu Bindu kuwa ya karanci usulu da balaga da manɗiƙi da aƙidun Sanusi, ya saurari Buhari, ya karanta kaso mai yawa na Muhtasar na Halilu. Muna so mai karatu ya riƙe wannan, domin masu ambaton sunansa a yau sukan manta cewa malamin fiƙihu da tauhidi ne kafin komai. Bugu da ƙari, a wurin wannan malami ne ya ɗauki hisabi, da ilimin haruffa da hatimai, da kuma ilimin miƙati a bisa tsarin malaman Magrib.

To mene ne ilimin miƙati? Shi ne sanin lokaci da alƙibla ta hanyar rana da taurari. A zamanin da babu agogo a hannun kowa, mai wannan ilimi ne ke faɗin zawali ya yi, shi ne ke auna inuwa ya ce la'asar ta shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an ƙara inuwar da ta rage da tsakar rana, shi ne kuma ke duban taurari da dare ya ce saura kaza alfijir ya keto. Manzilolin wata guda 28 da malamanmu ke ƙirgawa har yau, irin su Nasara da Ɗarfa da Jabha na damina, kowanne kwana 13 in ban da ɗaya mai kwana 14, daga wannan gida suka fito. Kayan aikinsu kuwa su ne usɗurlabi, wani faifai na tagulla mai zane-zanen sararin sama, da rubu'i, wato kwatan da'ira na katako ko tagulla mai digiri 90 da zare mai ɗauke da darma, sai kuma agogon inuwa. A bayan usɗurlabi akwai wani ɗan ƙarfe mai juyawa da ake kira ilada, yana da kunnuwa biyu kowanne da 'yar huda. Mai awo zai rataye faifan a yatsa, ya juya ƙarfen har sai ya hango tauraron ta cikin hudojin biyu a lokaci guda, sannan ya karanta tsayinsa a gefen faifan. In rana ce ba ya kallonta, sai ya bari haskenta ya ratsa hudar sama ya faɗa a ta ƙasa. Tun kafin wannan ma Al-Biruni, wanda ya rayu a ƙarni na 11, ya bayyana wani bututu marar gilashi da ake kafawa a saita shi daidai inda lissafi ya nuna jinjirin wata zai tsaya, don ido ya daina yawo.

Matsalar da waɗannan malamai suka magance ita ce dai ta saurayinmu na Dapaong. Daga gabas zuwa yamma ta tsakiyar sama digiri 180 ne, cikakken wata kuwa rabin digiri kacal yake ci. Madubin hangen nesa, wanda aka fara ƙerawa a ƙasar Holan a 1608 kuma Galileo ya ɗaga shi sama a 1609, yana ƙara girman abu amma yana ƙuntata fili. Irin wanda ake sayarwa a kwali, ko da an sa masa gilashin ido mafi sauƙin ƙarfi, abin da yake nunawa bai cika wuce digiri ɗaya ko biyu ba, tamkar mutum ne yake neman ɓatacciyar akuya a kasuwar Sinkase ta cikin kafar kara. Shi ya sa ake ɗaura masa ɗan ƙarami a doro, wanda mu dai ba mu ga sunan da ya dace da shi ba kamar jagaba. Za a ga an rubuta 6x30 ko 8x50 a jikinsa. Lambar farko ita ce ninkin girman da yake ƙarawa, ta biyu kuma faɗin gilashin gabansa a milimita. Mai 6x30 yana nuna kimanin digiri bakwai, wato filin da ya ninka na digiri ɗaya kusan sau hamsin, kuma a cikinsa akwai zare biyu da suka gitta juna. Wannan dabara ta zare wani Baturen Ingila ne mai suna William Gascoigne ya gano ta wajen 1640, bayan da gizo-gizo ya yi saƙa a cikin madubinsa ya ga zaren ya fito tangaran tare da abin da yake kallo.

Amma jagaba ba ya amfani sai an daidaita shi da ubangidansa, kuma da rana ake yin wannan. A nemi abu mai nisan kamar kilomita ɗaya, kan hasumiyar masallaci ko ƙololuwar ƙarfen sabis na waya, a sa shi a tsakiyar babban madubi, a ɗaure kada ya motsa, sannan a riƙa murɗa ƙananan kusoshin da ke riƙe da jagaban har mahaɗar zaren ta hau kan wannan abu. Shi ke nan, duk abin da aka ɗora wa zaren da dare za a same shi a babban. Kada a ruɗe in an ga abu ya juya ƙasa a sama, haka yawancinsu suke nunawa. A kuma tuna sama tana tafiya digiri ɗaya a kowane minti huɗu, don haka sai an riƙa bin abin a hankali. Akwai wani iri marar ƙara girma wanda ke haska jan ɗigo a kan gilashi, wannan kam jikan iladar usɗurlabi ne, ido da saiti kawai. Masu duban wata su jira sai rana ta faɗi gaba ɗaya kafin su ɗora ido, domin kallon rana ta cikin babban ko ƙaramin yana makantarwa nan take. Ga 'yan'uwanmu masu sarin wannan kaya kuma, kada rubutun ninki ɗari biyar da ke jikin kwali ya ruɗe ku. Madubi mai gilashin milimita 60 iyakar ninkin da zai ba da hoto mai kyau kimanin 120 ne, kuma wanda ya zo da jagaba na roba mai girgiɗi, mai saye zai dawo muku da shi.

Wani abin da ɗalibin miƙati ke fara koya shi ne cewa tsayin tauraron arewa daga ƙasa daidai yake da nisan garinka daga tsakiyar duniya. A Sokode digiri tara ne, a Dapaong kusan goma sha ɗaya, misalin dunƙulen hannu ɗaya in an miƙe shi, shi ya sa hazon hunturu ke ɓoye mana shi. A Katsina 13 ne, a Makka 21, a Alƙahira 30, don haka matafiyi irin malaminmu yana iya karanta tafiyarsa a sama. Da wannan lissafi ake fitar da alƙibla. Mu mun saba cewa mun fuskanci gabas, alhali daga Sokode Ka'aba tana karkace ne wajen arewa da kimanin digiri 23 daga gabas sak, daga Dapaong kuma kimanin 21. Mai son ya gwada masallacin rumfarsu ba ya bukatar na'ura. A ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 9:18 na safe agogon Togo, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 9:27, rana tana tsayawa a saman Ka'aba, duk wanda ya fuskanci inda take a wannan lokaci ya fuskanci alƙibla, in dai hadari bai rufe ta ba. Mutanen Benin da Nijar da Nijeriya sai su ƙara awa ɗaya.

Mu koma kan Malam Muhammadu. Da ya ƙoshi da karatun gida sai ya ɗaura niyyar Hajji, kuma tafiyar wancan zamani ba ta mako biyu ba ce. Ya ratsa masarautu da dama, ya gana da sarakunansu da malamansu, har a wani gari ya yada zango wata biyar yana ɗaukar ilimin ramli da asirai a wurin wani malami. Ya rubuta labarin abin da ya gamu da shi a wannan yawo. Ya yi aikin Hajji a shekarar 1142 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1730, sannan ya zauna a Makka na wani lokaci. A can ne ya fara rubuta littafin da ya fi shahara da shi, Ad-Durrul Manzum wa Hulasatus Sirril Maktum, a kan ɗalasimai da taurari, wanda ya gina a kan wani tsohon littafi da ake jinginawa ga Imam Fahruddin Ar-Razi. Ya tsara shi da gabatarwa da manyan sassa biyar da rufewa, ya kuma kammala shi a Masar a watan Rajab na 1146, wato ƙarshen 1733 zuwa farkon 1734.

A Alƙahira Allah Ya haɗa shi da mutumin da ya zama mai masaukinsa har ƙarshen rayuwarsa, Shehu Hasan Al-Jabarti. Shi ma asalin gidansu baƙi ne, daga yankin Jabarti na ƙasar Habasha kakanninsa suka zo, kuma su ke riƙe da shugabancin masaukin ɗaliban wannan yanki a Azhar, kamar yadda ɗaliban Barno da na Takruru su ma suke da nasu masaukan. Shehu Hasan malamin fiƙihun Hanafiyya ne, amma an fi saninsa da ilimin falaki da handasa. Gidansa cike yake da littattafai da kayan awo, yana zana agogon inuwa a kan marmara da hannunsa, kuma wajen 1750 wani gwamnan Masar na Daular Usmaniyya, Ahmad Basha, ya zauna a gabansa yana koyon wannan sana'a. To irin wannan mutum ne ya durƙusa gaban baƙo daga Katsina ya karanci ilimin hatimai da lissafin haruffa da lambobi. Kowane ɗan kasuwa ya san darajar mai masauki nagari, kuma ya san ba kowane baƙo ne mai gida ke mayarwa malaminsa ba.

Littafinsa na wannan fanni shi ne Bahjatul Afaƙ, wanda ya gama a 1145 ta Hijira, tsakanin 1732 da 1733. Hatimi ko wafaƙi shi ne murabba'i mai gidaje da ake cikawa da lambobi ta yadda duk layin da aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya za a samu. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida uku-uku. In aka tara 1 zuwa 9 za a samu 45, a raba wa layi uku, kowanne ya tashi da 15. Mai gida biyar-biyar jimlarsa 325, kowane layi 65. Mai bakwai-bakwai kowane layi 175. Malam ya bayyana hanyoyin gina waɗanda yawan gidajen gefensu mara ne, wato uku, biyar, bakwai har abin da ya yi sama, kuma ya gargaɗi ɗalibi da kada ya karaya ya bar aikin tun bai kai ga gaci ba.

Ga ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin da malaman wannan fanni suka gada, mai karatu ya gwada a bayan takardar rasit in kasuwa ta yi sanyi. A sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin na tsakiya. Daga nan a riƙa gangarawa a karkace, gida ɗaya ƙasa gida ɗaya dama, ana sa lamba ta gaba. In an fita ta ƙasa sai a shigo ta sama, in an fita ta dama sai a shigo ta hagu, kamar an naɗe takardar. In aka tarar da gidan da za a shiga da mai shi, sai a tsallaka gida biyu ƙasa daga inda ake tsaye a ci gaba. A mai uku-uku za a samu 4, 9, 2 a layin sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa, wato hatimin nan da kowane almajiri ya sani. Wannan ƙa'ida ɗaya ita za ta cika mai biyar-biyar da mai tara-tara ba tare da kuskure ba. Ya kamata mu faɗi gaskiya a nan, domin muna ganin ana yaɗawa a Facebook cewa shi ya ƙirƙiro hatimai. Ba haka ba ne. Malaman lissafi irin su Abul Wafa Al-Buzjani da Ibnul Haisam sun yi rubutu a kansu shekara ɗari bakwai kafin shi. Abin da ya yi shi ne ya tattara, ya warware abin da ya cukurkuɗe, ya karantar, kuma wannan ya ishe shi daraja.

Bayan waɗannan yana da waƙen manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus wanda ya yi wa sharhi mai faɗi da kansa, da wani littafin nahawu mai suna Bulugul Arab.

Yanzu sai mu zo inda gizo ke saƙar. A zamaninsa ilimin auna tauraro da ilimin duba da tauraro a zaure ɗaya ake karanta su, sau da yawa ma a wurin malami ɗaya, kuma shi Malam Muhammadu ya yi rubutu a kan duka biyun. Littafinsa na Makka ba na lokutan salla ba ne, na ɗalasimai ne da sa'o'in taurari. Tun a wancan lokaci akwai malaman da ba su yarda ba, kuma abin mamaki har da malaminsa na kansa. Shehu Muhammadu Al-Wali yana da waƙe na sukar masu barin Alƙur'ani da fiƙihu su koma duba don neman abin duniya, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo a Infaƙul Maisuri, littafin da a cikinsa ya ambaci shi Al-Katsinawi cikin malaman ƙasar nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754, shekara 13 bayan rasuwar malamin, shi ma ya yi kakkausar suka ga masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa ko taurari. A ganinmu bambancin a fili yake. Wanda ya ce maka rana za ta tsaya a kan Ka'aba ranar kaza da ƙarfe kaza, kana iya kafa sanda ka gwada shi. Wanda kuwa ya zana maka hatimi ya ce kayanka za su tsallake duwan ba a buɗe ba, ko abokin gabarka zai karye a kasuwa, in abin bai yiwu ba cewa zai yi kai ne ka karya sharaɗi, kuma jakunkunanka sun riga sun tafi. Mun san mutane a kasuwannin kan iyakar nan da jarinsu ya ƙare ta wannan hanya, kuma wasu masu wannan sana'a da littafin wannan malami suke kafa hujja, alhali ko rabin nahawun da ya sa aka kira shi Sibawaihi ba su karanta ba.

Malam Muhammadu bai sake ganin Katsina ba. Ya rasu a gidan Shehu Hasan Al-Jabarti a shekarar 1154 ta Hijira, wato 1741, 'yan watanni kafin rasuwar Edmond Halley, Baturen Ingilan da aka sa wa tauraruwa mai wutsiya sunansa. Kafin ya cika ya naɗa mai masaukinsa wasiyyi a kan abin da ya bari da kuma littattafansa. Shehu Hasan ya riƙe amana. Ya binne shi a wurin da ake kira Lambun Malamai a maƙabartar Mujawirin ta Alƙahira, ya gina alama a kan kabarin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.

Bayan shekara 12 ko 13 aka haifa wa Shehu Hasan ɗa, aka sa masa suna Abdurrahman. Bai taɓa ganin baƙon mahaifinsa ba, amma ya girma a gidan da littattafansa suke, kuma shi ne ya zama marubucin tarihin da ya ga shigowar sojojin Faransa Masar a 1798 ya rubuta labarinsu, ya kuma ware wa malamin Katsina gurbi a cikin manyan da suka rasu. An buga Ad-Durrul Manzum a Alƙahira a 1961, daga nan ya dawo ƙasashenmu ta hannun alhazai da masu sayar da littattafai. A 1967 Malam Hassan Gwarzo ya wallafa nazari a Ibadan kan yadda malamin ya bayyana ramzi, wato rubuta shekara da haruffa. A 1973 kuma wata malamar lissafi Ba'amurkiya mai suna Claudia Zaslavsky ta kawo hatimansa a littafinta kan ƙidaya da lissafin mutanen Afirka, inda ta dogara da kwafin Bahjatul Afaƙ na rubutun hannu da ke ajiye a makarantar nazarin ƙasashen Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. Ta wannan hanya ce sunansa ya shiga azuzuwan lissafi na Turai da Amurka.